Sam Cooke: Wa Ya Kashe Shi, Wa Ya Gaji Muryarsa?

Akwai wani labari da ke yawo a gajerun bidiyoyin intanet, kusan kullum da tsari ɗaya. Wai an yi wani mawaƙi a Amurka mai suna Sam Cooke, baƙar fata na farko da ya buɗe kamfanin faifan waƙa. Wai ya ƙi yarda fararen fata su ci guminsa, ya ƙulla abota da Malcolm X da Muhammad Ali, sai manyan masana'antar suka haɗa baki suka kashe shi a wani ɗan otal a Los Angeles, aka rufe maganar. Labarin ya ƙara ƙarfi tun 2019, lokacin da Netflix ta fitar da shirin bincike a kan mutuwarsa, sannan a 2020 fim ɗin One Night in Miami ya gabatar da shi ga waɗanda ba a haifi iyayensu ma ba lokacin da ya rasu.

To, nawa ne gaskiya a ciki? Akwai gaskiya, akwai ƙarin gishiri, akwai kuma wani ɓangare da masu bidiyon ke tsallakewa domin ba ya tada tsikar jiki: takardun yarjejeniya. A ganina nan ne ainihin labarin yake. Amma kafin a kai can, sai an san wane ne mutumin da kuma irin waƙar da ake cewa shi ne sarkinta.

Me ake nufi da waƙar sol?

Sol kalmar Turanci ce da ke nufin rai ko kurwa. A matsayin salon waƙa, ta fito ne daga auren abubuwa biyu da baƙaƙen fatar Amurka suka daɗe suna raba wa ɗaki. Na farko waƙar bishara ta coci, wadda jagora ke bayarwa jama'a na amshi, ana tafi, ana jan murya har mutum ya fita hayyacinsa. Na biyu kiɗan gidan rawa, wato buluz da abin da aka riƙa kira R&B, mai maganar soyayya, talauci, giya da cin amana. Masu ibada da yawa suna kiran wannan na biyun kiɗan shaiɗan, ba da wasa ba. Mahalia Jackson, babbar mawaƙiyar bishara ta Chicago, an yi ta yi mata tayin kuɗi ta rera buluz, ta ƙi har ta mutu.

Abin da mawaƙan sol suka yi shi ne ɗauko salon coci, da kukansa da amshinsa, su ɗora masa kalaman duniya. Ray Charles ya riga kowa yin wannan a fili a 1954, da ya ɗauki karin wata waƙar yabon Yesu ya mayar da ita ta yabon mace. Don haka masu cewa Sam Cooke ne ya ƙirƙiri sol shi kaɗai sun yi azarɓaɓi. Bambancinsa shi ne, Ray Charles bai fito daga sahun mawaƙan coci na sana'a ba, shi kuwa Sam tauraronsu ne, ɗan gidan ne da kansa ya ɗauki kayan ɗaki ya fita da su kasuwa. Mai karatu ya kwatanta da fitaccen sha'irin bege, wanda ake kuka idan ya ɗaga murya a wurin maulidi, a wayi gari ya fito da waƙar nanaye da wannan muryar dai. Irin wannan girgizar ce.

Sunan sol ma ya zo ne daga baya. Mujallar Billboard, mai fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa, har zuwa 1949 tana kiran waƙoƙin baƙaƙe da sunan da ke nufin faifan launin fata. Daga nan ta koma R&B, sai a 1969 ta sa wa jadawalin suna sol, shekara biyar bayan an binne Sam.

Ɗan fasto da ya ƙetare layi

An haife shi ranar 22 ga Janairun 1931 a Clarksdale, jihar Mississippi, tsakiyar ƙasar auduga. Sunansa Samuel Cook; harafin ƙarshe na sunan daga baya ya ƙara shi. Mahaifinsa Charles Cook fasto ne, su takwas aka haifa. A 1933 iyalin suka koma Chicago, cikin babbar ƙaurar da ta kwashi baƙaƙe kimanin miliyan shida daga kudu zuwa biranen arewa da yamma, gudun wariya da neman aikin masana'anta. Tun yana yaro yake waƙa da 'yan'uwansa a cocin uban, ya girma ya jagoranci wata ƙungiyar samari mai suna Highway QC's.

A 1950, yana ɗan shekara 19, aka ɗauke shi a Soul Stirrers, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin bishara na lokacin, ya maye gurbin R.H. Harris, mutumin da ake ganin ba mai iya zama kujerarsa. Tsofaffin mawaƙan bishara da tsawa suke kama jama'a. Shi da laushi ya zo. Yana da wata 'yar lanƙwasa da yake yi wa murya a ƙarshen baiti, kamar zai faɗi sai ya sake tashi, wadda ta zama hatiminsa. 'Yan mata suka fara cika kujerun gaba a coci, ba dukkansu ne wa'azi ya kawo ba.

Shekara shida yana wannan hanya, daga gari zuwa gari a mota, ladan bai kai wahalar ba. A farkon 1957 aka fitar da waƙarsa ta farko ta soyayya, Lovable, wadda a zahiri tsohuwar waƙar bishara ce aka sauya wa kalmomi. An sa mata sunan Dale Cook don a ɓad da sawu. Babu wanda aka yaudara, muryar ba ta ɓoyuwa. Art Rupe, mai Specialty, kamfanin faifan da Sam yake ƙarƙashinsa, ya shiga situdiyo wata rana ya tarar ana naɗar waƙoƙi masu sanyi da 'yan amshi fararen fata, ransa ya ɓaci, domin shi irin kiɗan Little Richard mai zafi yake so. Aka rabu baram-baram. Furodusa Bumps Blackwell ya yafe kuɗin da yake bin kamfanin, a madadinsu ya tafi da Sam da abin da aka naɗa ranar zuwa wani ƙaramin kamfani mai suna Keen. A cikin abin da Rupe ya raina akwai You Send Me. Kafin ƙarshen 1957 ta hau lamba ɗaya a jadawalin baƙaƙe da na ƙasa baki ɗaya.

Waƙa ɗaya, dukiya biyu

A nan sai mai karatu ya yi haƙuri da ɗan bayanin doka, domin in ba a gane shi ba, ragowar labarin zai zama tatsuniya.

Duk waƙar da aka naɗa tana ɗauke da dukiya iri biyu. Akwai waƙar kanta, wato kalmomi da kari, wadda mallakin wanda ya rubuta ce da kamfanin da ke kula masa da haƙƙin rubutu. Duk wanda ya sake rera ta, ko gidan rediyo ya sa ta, ko aka saka ta a fim, wannan ɓangaren ake biya. Akwai kuma ainihin naɗin da aka yi a situdiyo, uwar faifai, wadda daga ita ake buga kowane kwafi. Ita a al'adar masana'antar ta kamfanin da ya biya kuɗin situdiyo ce. Mawaƙin da murya kawai ya kawo, ba shi da rubutu ba shi da uwar faifai, ɗan kason ciniki ake ba shi, shi ma bayan an cire kuɗin naɗi da duk abin da aka ranta masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Little Richard, abokin zaman Sam a Specialty, dala 50 aka ba shi kan haƙƙin rubutun Tutti Frutti, waƙar da ta zagaye duniya.

Wanda ya taɓa riƙe faifan garmaho ya san akwai 'yar takarda zagayayyiya a tsakiya. Sunan waƙa da sunan mawaƙi da manyan baƙi suke. A ƙarƙashin sunan waƙar akwai wani suna da ƙananan baƙi, sai an matso da faifan kusa da ido. Wannan ƙaramin sunan shi ke cin kuɗin shekara hamsin. Sam ya gane haka da wuri. A faifan You Send Me sunan ƙanensa L.C. aka sa a matsayin marubuci, don kada Specialty ta ce rubutun nata ne. Wajen 1958 shi da J.W. Alexander, tsohon mawaƙin bishara da ya fi shi shekaru da sanin kasuwa, suka kafa Kags Music don riƙe haƙƙin rubutunsa. A 1959 suka kafa kamfanin faifai na SAR, tare da S.R. Crain na Soul Stirrers.

Shin shi ne baƙar fata na farko da ya yi haka? A'a. Harry Pace ya kafa Black Swan tun 1921. Vee-Jay, mallakin wasu ma'aurata baƙaƙe, ya fara a 1953. Berry Gordy ya kafa abin da ya zama Motown a 1959, kuma a shekarar ce Ray Charles ya ƙulla yarjejeniyar da ta ba shi mallakar uwar faifansa. Abin da ba a saba gani ba shi ne tauraro mai tashe, wanda kuɗi ke shigo masa ta ko'ina, ya zauna yana karanta lissafi, yana rubuta wa wasu waƙa, yana tsayawa a situdiyo yana koya wa yara yadda za su furta kalma. A SAR ya ɗauko tsohuwar ƙungiyarsa Soul Stirrers, da Johnnie Taylor, da Billy Preston, da 'yan gidan Womack da ya sauya wa suna zuwa Valentinos. A 1964 Rolling Stones suka sake rera waƙar Valentinos mai suna It's All Over Now, ta zama lamba ɗaya ta farko da suka samu a Birtaniya. Bobby Womack, wanda da shi aka rubuta ta, ya fusata cewa Turawan Ingila sun ƙwace masa waƙa. Da cak ɗin haƙƙin rubutu ya iso, fushin ya wuce.

Mutum ɗaya, murya biyu

A 1960 ya koma babban kamfanin RCA, waƙoƙi suka yi ta fita: Chain Gang, Cupid, Twistin' the Night Away, Bring It On Home to Me. Masu suka, har yau, suna cewa ya tausasa muryarsa don faranta wa fararen fata, ya cika goge da kalaman makaranta. Ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Yana son wannan kasuwar, bai ɓoye ba. A 1958 ya yi wasa a Copacabana, gidan rawar masu hannu da shuni na New York, abin bai yi armashi ba, kuma ya riƙe abin a ransa har ya koma a 1964 ya ci nasara.

Amma a saurari faifai biyu a jere. Na Copacabana, mutum ne cikin kwat, yana raha da ladabi, ana jin ƙarar cokula. Sai na Harlem Square Club, wani kulob na baƙaƙe a Miami, da aka naɗa ranar 12 ga Janairun 1963. Muryar ta dushe, tana karcewa, yana ba jama'a umarni suna amsawa, mata na ihu, yana jan gabatarwar waƙa ɗaya kamar mai wa'azin da ya ƙi sauka daga mumbari. Ka rantse ba mutum ɗaya ba ne. RCA ta saurara ta ga wannan Sam ɗin zai tsorata masu sayen ɗayan, ta jefa naɗin a ma'ajiya. Sai 1985 ya fito, shekara 22 bayan naɗarsa. Wannan shi ne amfanin mallakar uwar faifai a aikace: mai ita ke yanke wane Sam duniya za ta ji.

Shreveport, da waƙar da ta fi shi daɗewa

Tauraro ko ba tauraro ba, a kudancin Amurka na lokacin baƙar fata baƙar fata ne. Ana raba zauren kallo gida biyu, otal da gidan abinci na fararen fata haramun ne gare shi. A 1961 a Memphis ya ƙi hawa dandali da ya ga yadda aka ware baƙaƙe a gefe. Ya kuma daina shafa man miƙar da gashi, ya bar sumarsa yadda Allah ya yi ta, a zamanin da kusan kowane mawaƙi baƙar fata ke ƙona kansa don gashi ya kwanta.

Shekarar 1963 ta zo masa da nauyi. A watan Yuni ɗansa Vincent, ɗan wata 18, ya nutse a tafkin wankan gidansu. Ranar 8 ga Oktoba ya isa wani otal na Holiday Inn a Shreveport, jihar Louisiana, inda ya riga ya kama ɗaki ta waya. Da aka ga fuskarsa, sai aka ce ɗakuna sun cika. Ya tsaya yana faɗa, matarsa Barbara tana lallashinsa su tafi kafin abin ya zama na rai. Suka fita suna danna ham ɗin mota. Kafin su sauke kaya a otal ɗin baƙaƙe, 'yan sanda sun iso, aka kama su da laifin tada hankalin jama'a.

A wannan lokacin kuma waƙar Bob Dylan, Blowin' in the Wind, tana tashe, kuma abin ya tsaya wa Sam a rai cewa yaro farar fata ne ya rubuta waƙar da ta fi kowacce faɗin halin da baƙaƙe ke ciki. Ranar 30 ga Janairun 1964 ya naɗi A Change Is Gonna Come, ma'ana sauyi na tafe. Ba waƙar zanga-zanga ba ce irin ta ɗaga hannu. Mutum ne gajiyayye yake ba da labarin kansa, yana shakkar ko akwai wani abu bayan mutuwa, wanda ga ɗan fasto ba ƙaramar magana ba ce, sannan ya ƙare da fata. Ya rera ta a talabijin ranar 7 ga Fabrairu, daga nan kusan bai ƙara taɓa ta ba.

Ranar 25 ga Fabrairun ne Cassius Clay, wanda daga baya ya koma Muhammad Ali, ya doke Sonny Liston a Miami, ya kira Sam cikin zoben dambe gaban kyamarori. Daren suka haɗu a otal ɗin Hampton House da Malcolm X da ɗan ƙwallon Amurka Jim Brown. Haɗuwar ta faru, amma hirar da ke cikin fim ɗin 2020 marubuci ne ya ƙaga ta. Fim ɗin ma ya nuna kamar gorin Malcolm X ne ya sa Sam rubuta waƙar, alhali ya naɗe ta kusan wata guda kafin daren.

Daren 11 ga Disamban 1964

Ga abin da aka gabatar a hukumance. Sam ya ci abincin dare a wani gidan abinci a Los Angeles, ya sha giya, ya haɗu da wata budurwa. Can cikin dare suka isa Hacienda, wani otal na dala uku a kwana a kudancin birnin. Budurwar ta ce ta nemi ya kai ta gida ya ƙi, ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe, da ya shiga banɗaki ta kwashi kayanta haɗe da nasa ta gudu, ta kira 'yan sanda daga rumfar tarho. Shi kuma ya fito da kwat da takalmi ƙafa ɗaya, ya nufi ofishin matar da ke kula da otal ɗin yana zaton can ta ɓuya. Matar ta ce ya ɓalle ƙofa ya cafke ta, suka yi kokawa, ta ɗauko bindiga ta harba. Harsashi ɗaya ya same shi a ƙirji. Mai otal ɗin ta ce suna kan waya da matar lokacin, ta ji komai. Bayan 'yan kwanaki masu taimaka wa mai binciken gawa suka zauna, cikin kusan minti 15 suka ce kisan kare kai ne. Yana da shekara 33.

Masu shakka suna da abin riƙewa. Binciken na gaggawa ne, lauyan iyalin bai samu damar yin tambayoyin kirki ba. Kuɗin da aka ga Sam da su a daren ba a same su ba. Bayan wata guda aka kama budurwar da laifin karuwanci, abin da ya sa da yawa ke ganin shirin sata ne irin na kwashe wa mutum wando a gudu. Mawaƙiya Etta James, wadda ta ga gawar, ta rubuta cewa raunukan da ke jikinsa sun fi ƙarfin kokawa da mace ɗaya. Sannan 'yan sandan Los Angeles na 1964 ba a san su da damuwa da gawar baƙar fata a wannan unguwa ba; wata takwas bayan haka unguwar Watts ta kama da wuta kan halinsu.

Sai dai rashin ingancin bincike daban, hujjar makirci daban. An ambaci 'yan mafiya, an ambaci hukumomin leƙen asiri, an ambaci manajansa, an ambaci har matarsa, wadda ta auri Bobby Womack wata uku bayan jana'iza, abin da jama'a ba su taɓa yafe musu ba. Fiye da shekara sittin ke nan ba a fito da takarda ko shaida ɗaya da ta ɗaure ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni dai abin da ya fi kwanta mini shi ne mummunan dare ne na giya, fushi da bindiga, aka kuma bincike shi da rainin da aka saba yi wa baƙaƙe. Akwai kuma abin da masoyansa ba sa son ji: in har budurwar gaskiya ta faɗa, to gwarzon ya aikata abin kunya a darensa na ƙarshe. Labarin makirci yana da daɗin karɓa, domin yana wanke shi tas.

Dubun-dubatar mutane suka yi layi cikin sanyin Chicago don ganin gawarsa. A jana'iza ta biyu a Los Angeles, Ray Charles ya rera waƙar bishara. Ranar 22 ga Disamba aka fitar da A Change Is Gonna Come a bayan faifan wata waƙar rawa mai suna Shake, an yanke baitin da ya fi fito da maganar wariya fili, don gidajen rediyo su karɓa.

Ina dukiyar ta tafi?

A 1963 Sam ya haɗu da wani akanta mai suna Allen Klein, wanda ya yi suna wajen binciko kuɗin mawaƙa da kamfanoni suka danne. Ya tono wa Sam kuɗinsa a RCA, ya kuma tilasta wa kamfanin sabuwar yarjejeniya. Aka kafa wani kamfani mai suna Tracey, sunan 'yar Sam, wanda shi zai mallaki uwar faifai, RCA kuwa rarrabawa kawai za ta yi. A ido, wannan ita ce nasarar da yake nema tun 1957. A takarda, mai kamfanin Tracey shi ne Klein. An ba Sam wani nau'in hannun jari maimakon tsabar dala 100,000 ta shekarar farko, da hujjar rage haraji.

Sam ya mutu bai bar wasiyya ba. Cikin 'yan shekaru matarsa da J.W. Alexander suka sayar da kasonsu, kusan komai ya tattaru a hannun Klein da kamfaninsa ABKCO. Masu kare Klein suna cewa shi ya samo wa Sam kuɗin da bai taɓa gani ba, kuma kamfaninsa ya adana waƙoƙin, ya fitar da su da inganci, bai bar su sun watse ba. Masu sukarsa suna cewa an ba kura ajiyar nama. Suna nuni da cewa Rolling Stones, da ya zama manajansu daga baya, su ma sun wayi gari waƙoƙinsu na shekarun 1960 suna hannun ABKCO, kuma rigima a kansa tana cikin abin da ya raba Paul McCartney da sauran 'yan Beatles. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, babu buƙatar bindiga a wannan labarin. Biro ya isa.

Abin da ya bari

Ta fuskar murya, gadon a fili yake. Aretha Franklin, wadda ta san shi tun tana yarinya a gidan mahaifinta fasto a Detroit, ganin ya ƙetare ne ya ba ta ƙarfin barin bishara a 1960. Otis Redding ya rera waƙoƙinsa uku a kundi ɗaya a 1965. Daga nan salon ya bazu har gaɓar Afirka ta Yamma, inda Geraldo Pino ɗan Saliyo ya riƙa cika gidajen rawa da shi a Legas da Accra, kafin James Brown da kansa ya zo Najeriya a 1970. An sa Sam cikin rukunin farko na zauren girmama mawaƙa na Rock and Roll a 1986. A daren da Barack Obama ya ci zaɓe a 2008, jawabinsa ya ari kalaman waccan waƙa ta bayan faifai.

Ta fuskar dukiya kuwa, rigimar ba ta mutu ba. Prince ya rubuta kalmar bawa a kumatunsa a shekarun 1990 kan uwar faifansa. Taylor Swift, da duk ƙarfinta, sai a Mayun 2025 ta iya saye uwar faifan kundinta shida na farko. Ƙaramin mawaƙi a ko'ina, har wanda ke naɗa a ɗan situdiyon unguwa ya miƙa wa furodusan fim ko mai tashar YouTube kan kuɗin da zai ƙare kafin sati, tambayoyin da ke gabansa su ne na Sam: sunan wa aka rubuta a matsayin mai waƙar, naɗin na waye, shekara nawa, kuma in ya mutu gobe wa zai karɓa. Yanzu da waƙa ke zaune a manhajojin saurare tana tara 'yan kuɗi duk lokacin da aka danna, tsohuwar waƙa ta zama gona mai ba da amfani kowace shekara, ga wanda sunansa ke kan takardar gonar.

A 2019 magajin garin Shreveport, Adrian Perkins, ya nemi gafarar iyalin Sam a bainar jama'a kan abin da aka yi masa a 1963, ya miƙa wa 'yarsa mabuɗin girmamawa na birnin. Shekara guda bayan haka One Night in Miami ya fito, inda aka nuna Sam yana bugun ƙirji gaban Malcolm X cewa shi ke da waƙoƙinsa. Cikin kamfanonin da suka shirya fim ɗin akwai ABKCO, kuma cikin furodusoshinsa akwai Jody Klein, ɗan Allen Klein.